Takardar gwajin jini da gyambon ciki: yadda za ka karanta ta, da matakin da za ka ɗauka

Kawuna ɗinkin hannu yake yi a cikin birnin Zariya, irin aikin wuyan babbar riga da ake kwashe makonni ana yi. Tun hantsi yana zaure, ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuya a kan allura har la'asar sakaliya. Mai irin wannan zama ba ya rabuwa da ciwon baya da na wuya, shi ya sa kusan kullum bayan magariba sai ya aiki yaro kemis a ƙullo masa haɗi: ƙwaya huɗu ko biyar a 'yar farar leda, babu kwali, babu suna. Da ƙahon zuciyarsa ya fara yi masa zafi cikin dare, sai ya je wani ɗakin gwaji aka ɗebi jininsa. Ya dawo da takarda a ninke cikin aljihu, ya ce da ni, "Ɗana, an duba, an ce babu kumburi a jinina. Wannan zafin yunwa ce kawai." Na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara lafiya," ban ko karɓi takardar na duba ba.

Bayan wata huɗu jiri ya kwashe shi a sahun sallar asuba. Sai a asibiti ya faɗa mana cewa kwana uku ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin ne kamar kwalta. An ƙara masa jini, aka leƙa cikinsa da na'ura, aka ga gyambo yana tsiyaya. Da na nemo tsohuwar takardar nan, gaskiya ne layukan kumburi duk lafiya suke. Amma can sama an rubuta HGB 11.2, MCV 74, wato ma'aunin ƙarfin jini da na girman jajayen ƙwayoyinsa, duk sun yi ƙasa. Alamar tana nan tun ranar, a layin da babu wanda ya kula da shi. Wannan ne ya sa na zauna na koyi karanta takardar, kuma abin da na koya ne zan jera a nan.

Kafin komai: wanda bai kamata ya tsaya neman gwaji ba

In ka ga bayan gida baƙi mai yauƙi da wari na daban, ko aman jini, ko amai mai kama da garin gawayi da aka jiƙa, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya sandare kamar katako, ko jiri da bugun zuciya da gumi mai sanyi, to ba maganar ɗakin gwaji ake ba. A ɗauke ka zuwa sashen gaggawa, ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko duk babban asibitin da ya fi kusa. Kada a ba ka abinci ko kunu a hanya, don wataƙila aiki za a yi. Kuma ka sani, a sa'o'in farko na zubar jini mai yawa, PCV, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyin jini, yana iya fitowa daidai, saboda jiki bai riga ya tsinka ragowar jinin da ruwa ba. Kyakkyawan sakamako a wannan lokaci ba ya kwantar da hankali.

Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da maganin ciki mai suna bismut su ma suna baƙanta bayan gida, amma ba sa sa shi yauƙi da wannan wari. In kana shakka, ka ɗauke shi a matsayin jini har likita ya ce ba shi ba ne.

Mataki na farko: ka gane wane kumburi ake nufi

A bakinmu "kumburin ciki" shi ne ciki ya cika da iska ya yi tim. Kumburin da likita ke nufi daban ne: yaƙin da jiki ke yi da cuta ko rauni, wanda a fata muke ganinsa da ja da zafi da tashi. In yaƙin nan ya yi girma, hanta takan zuba wasu sinadarai a jini, ɓargo kuma ya ƙaro fararen ƙwayoyin jini. Su ake aunawa.

To ga inda ake yin kuskure. Gyambon ciki rauni ne a fatar cikin tumbi ko farkon hanji, sau da yawa bai wuce faɗin ƙwayar wake ko gyaɗa ba. Yaƙin da ake yi a wurin ƙarami ne, a kulle yake waje ɗaya, galibi ba ya tayar da ƙurar da za ta bayyana a jinin hannu. Mutum yana iya ɗauke da gyambo sosai alhali gwaje-gwajen kumburinsa, wato CRP da ESR da WBC, duk suna daidai. Haka kuma alamomin nan suna iya hawa sama ciki lafiya lau, saboda zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko tarin fuka, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon gaɓoɓi. A gari irin namu, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka da sauro ke cin kasuwarsa, CRP mai yawa ya fi nuni ga maleriya fiye da olsa, wato gyambon ciki, nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: ka lissafa abin da kake haɗiya

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, kuma ya fi kowane gwajin kumburi faɗa maka hatsarinka. Manyan abubuwa biyu ne ke haddasa mafi yawan gyambon ciki: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, da magungunan kashe ciwo irin su diklofenak, ibuprofen, piroksikam, naproksen da asfirin. Waɗannan magunguna suna hana jiki yin sinadarin da ke sa tumbi ya shafe kansa da majinar kariya, sai ruwan tsamin da ke narka abinci ya koma cin mai gidansa. Ko da allura aka yi maka su, ko ka sha bayan cin abinci, illar tana nan, domin ta jini take bi. In aka haɗa su da deksametason ko prednisolon, kamar yadda ake yawan yi a cikin haɗi, hatsarin sai ya ƙaru. Haka yake ga wanda ya haura shekara 60, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda ya taɓa yin olsa, da mai shan taba.

Ka ɗauki leda ka zuba duk abin da kake sha: na asibiti, na kemis, garin maganin ciwon kai da ake kaɗawa a ruwa wanda da yawansa asfirin ne, har da na gargajiya. Da ledar za ka shiga wurin likita. Ɗan acaba, da manomin da ke wuni a duƙe a gonar masara, da mai dako a kasuwar Sabon Gari, da uwar da ke fama da ciwon mara duk wata, su na fi jiye wa, don su ne suka mayar da waɗannan ƙwayoyi abokan zama. In dole sai ka sha wani abu don ciwon jiki kafin ka ga likita, farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, kada dai babba ya wuce giram 4 a yini. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa, ya je a yi shawara.

Yaji da yunwa da goro da damuwa suna iya tsananta zafi, shi ya sa muke ɗora musu laifi. Ba su ne tushen gyambon ba.

Mataki na uku: gwajin da za a nema

Ga mai zafin ƙahon zuci da ya wuce mako biyu zuwa huɗu yana dawowa, abin da ya kamata a fara da shi shi ne cikakken ƙidayar jini da ake rubutawa FBC, ba PCV kaɗai ba, tare da gwajin H. pylori. In jini ya yi ƙasa sai a ƙara feritin, ma'aunin sinadarin ƙarfen da jiki ya ajiye. CRP da ESR likita kan ƙara su ne in yana zargin wata cuta daban, misali in akwai zazzaɓi, rama, ko gudawa mai daɗewa. FBC da CRP da ESR ba sa bukatar ka zo da yunwa. Ka dai gaya wa mai ɗibar jinin in kana da zazzaɓi, ko juna biyu, ko sikila, ko kin gama al'ada kwanan nan, ko an yi maka ƙarin jini, don duk suna sauya lissafi. Kuma ka karɓi takardar a hannunka, ka ɗauki hotonta a waya. Takarda ɗaya hoto ne na rana ɗaya. Sai an jera biyu ko uku ake ganin inda jini ya dosa.

Mataki na huɗu: karanta takardar, daga layin da ya fi muhimmanci

Ka fara da HGB, wato sinadarin da ke sa jini ja yake ɗaukar iska. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji babba da ke ƙasa da 13, da macen da ba ta da ciki da ke ƙasa da 12, da mai ciki da ke ƙasa da 11, suna da ƙarancin jini. PCV, wanda wasu na'urori ke rubutawa HCT, kusan ninki uku ne na HGB, wato mai HGB 11 zai ga PCV wajen 33. Mutane da yawa in sun ga 33 sai su ce ai da sauran jini. Ga namiji wannan ƙasa ne, kuma tambayar da za a yi ita ce ina jinin yake tafiya.

Daga nan ka sauko kan MCV, girman jajayen ƙwayoyin jini. Daidai shi ne tsakanin 80 da 100. In ya faɗo ƙasa da 80 tare da ƙarancin HGB, ƙwayoyin sun ƙanƙance, kuma abin da ya fi jawo haka shi ne ƙarewar sinadarin ƙarfe. Gyambon da ke ɗiga kaɗan-kaɗan kullum ba ya canza launin bayan gida yadda ido zai gani, amma a hankali yana kwashe ma'ajiyar ƙarfen jiki. Wannan shi ne abin da ke takardar kawuna. Namiji babba, ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da irin wannan ƙarancin jini, dole a binciki tumbi da hanji, ba a ba su maganin ƙarin jini a sallame su ba kawai. Akwai wasu dalilan a wajenmu, kamar tsutsar ciki mai shan jini, tsargiya, yawan zubar jinin al'ada, haihuwa kusa-kusa da ƙarancin nama a abinci. Likita ne zai tace su, amma kada a manta da ciki a lissafin. Ita kanta H. pylori tana rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfe daga abinci.

Feritin shi ne ma'aunin wannan ma'ajiya. Ƙasa da 15 tabbas ta ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke ɗaukar mataki. Sai dai yana da wata ɗabi'a: kumburi yana ɗaga shi. Wanda ke fama da maleriya ko wata cuta zai iya ganin feritin 60 ko 80 alhali ƙarfensa ya ƙare. A nan ne CRP yake da amfani na gaske ga mai zargin olsa. In CRP yana sama, kada a yarda da feritin da ya fito "daidai", a maimaita bayan an warke.

Yanzu layukan kumburi. WBC, jimillar fararen ƙwayoyi, yawanci tsakanin 4 da 11 ne. A ƙarƙashinsa akwai NEUT, masu tarar ƙwayoyin cuta tun farko, da LYM, masu riƙe tarihin cuta. PLT, masu daskarar da jini, tsakanin 150 da 400 zuwa 450. Zubar jini na tsawon lokaci da ƙarancin ƙarfe suna iya ɗaga PLT, maleriya kuma takan saukar da shi. EOS, wani nau'in fararen ƙwayoyi, in ya yi yawa a wajenmu ya fi nuna tsutsa ko borin jini.

CRP hanta ce ke yin sa. Yana fara hawa cikin kamar awa shida da tashin cuta, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, ya sauka da sauri in an warke. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ƙasa da 5, wasu ƙasa da 10, a matsayin daidai. ESR kuwa tsohon gwaji ne: a zuba jini a dogon bututu, a tsayar da shi awa ɗaya, a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka kwanta. Yana da nawa wajen hawa da sauka, kuma tsufa da juna biyu da shi kansa ƙarancin jini suna ɗaga shi, sikila kuma tana danne shi. Akwai lissafin da ake yi a kai: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara goma a kan shekarunta sannan ta raba biyu, wannan ne iyakar sama. Dattijuwa 'yar shekara 60 mai ESR 30 ba abin firgita ba ne.

Sai abin da ake yawan magana a kai yanzu, wato raba NEUT da LYM, wanda ake kira NLR. In NEUT ɗinka 4.2 ne, LYM 2.1, amsarka 2. A lafiyayyun mutane yakan faɗa tsakanin 1 da 3. Ana kuma raba PLT da LYM. Masu bincike suna son waɗannan lissafai don ba sa cin ƙarin kuɗi, daga FBC ake ciro su. Wasu nazarce-nazarce sun ga sun ɗan fi yawa a masu ɗauke da H. pylori, wasu ba su ga bambanci ba, kuma babu ƙa'idar likitanci da ta amince a gano olsa ko a kore ta da su. Bambancin da ake gani in an auna dubban mutane ba ya gaya wa mutum ɗaya abin da ke tumbinsa. Ga mu nan ma akwai ƙarin dalili: yawancin mutanen Afirka ta Yamma halittarsu ce NEUT ɗinsu ya ɗan yi ƙasa da na Turawa ba tare da wata cuta ba, don haka iyakar da aka yanka a wata nahiya ba lallai ta zauna mana daidai ba. Inda waɗannan lambobi ke tashi sosai shi ne in gyambo ya huda tumbi, kuma a lokacin ciwon da kansa ya riga ya kai mutum asibiti.

Mataki na biyar: neman ƙwayar cutar

Shekara da shekaru likitoci sun ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin tsamin tumbi. Likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka rusa wannan zato a farkon shekarun 1980. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa, tumbinsa ya kumbura, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yawanci tun yarinta ake ɗaukar ta, ta baki, ta gurɓataccen ruwa da cunkoson gida. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen Afirka suna ɗauke da ita, a Najeriya kusan kashi 88. Amma cikin masu ita, kamar ɗaya ko biyu cikin goma ne kan yi gyambo. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi, shi ya sa in an same ta ake kashe ta.

Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne na ɗigon jini a 'yar tsinke. Matsalarsa ita ce sawun cutar yake gani, ba cutar ba. Yana iya ci gaba da nuna tana nan shekaru bayan an kashe ta, kuma a wurin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ita, amsarsa ba ta da nauyi. Ka nemi gwajin bayan gida na H. pylori, ko na numfashi inda ake yin sa. Sharaɗinsu shi ne ka yi mako biyu ba ka sha omeprazol da danginsa masu rage tsamin ciki ba, mako huɗu ba ka sha antibayotik ko bismut ba. In ba haka ba ƙwayar takan lafa, gwaji ya ce babu ita alhali tana nan. Wannan sharaɗi shi aka fi karyawa, don mafi yawanmu sai mun sha omeprazol da Flagyl daga kemis sannan mu tuna da gwaji. A cikin makonnin jira likita zai iya ba ka ruwan maganin da ke kwantar da tsami.

Kanwa da madara da mutane ke sha suna sanyaya zafi na ɗan lokaci. Madara daga baya ƙara tsamin take yi, kanwa kuma gishirinta bai dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba, kuma babu ɗayansu da ke taɓa ƙwayar.

Mataki na shida: yaushe za a leƙa ciki

Hanya ɗaya da ake ganin gyambo ido da ido ita ce endoskopi: siririn bututu mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki bayan an fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro. Ana zuwa da yunwar awa shida zuwa takwas, aikin kansa bai fi minti goma zuwa sha biyar ba, ana yin sa a manyan asibitoci irin na Shika. Hoton sikanin ba ya nuna olsa, amfaninsa duba matsarmama da hanta, waɗanda ciwonsu kan yi kama da nata. Likita zai tura ka endoskopi in akwai ƙarancin jinin da ba a san dalilinsa ba, rama, wahalar haɗiya, amai mai naci, tarihin kansar tumbi a dangi, ciwon da ya fara bayan shekara 55 zuwa 60, ko ciwon da ya ƙi jin magani.

Mataki na bakwai: magani, da komawa a tabbatar

Kashe H. pylori yana bukatar maganin rage tsami tare da antibayotik aƙalla biyu na kwana 14, wani lokaci da bismut. Likita ne zai zaɓa, don ƙwayar ta saba da wasu magungunan, musamman metronidazol, wato Flagyl, da muke sha barkatai. Baki zai yi ɗaci, ciki na iya lalacewa, kuma a rana ta huɗu ko ta biyar zafi kan ɗauke har mutum ya ji ya warke. Kada ka tsaya. Rabin magani yana barin ƙwayoyin da suka fi taurin kai. In watan azumi ya kusa, ka yi ƙoƙari a gama bincike da magani tun a Sha'aban, wanda kuma ya yi zubar jini kwanan nan ya nemi shawarar likita da ta malami kafin ya ɗauki azumi.

Aƙalla mako huɗu bayan gama antibayotik, kuma mako biyu bayan ajiye omeprazol, ka maimaita gwajin bayan gida ko na numfashi, ba na jini ba. In gyambon a tumbi yake, ba a farkon hanji ba, akan sake leƙawa bayan mako shida zuwa takwas a ga ya rufe, a kuma tabbatar ba kansa ce ta yi shigar olsa ba. Mai shan ƙwayar ƙarfe ya maimaita FBC bayan wata ɗaya, ana sa ran HGB ya ƙaru da kamar 1 zuwa 2, sannan ya ci gaba da sha wata uku bayan jini ya daidaita don ma'ajiya ta cika. Kada a kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki.

Kawu ya koma zaurensa. An yi masa 'yar kujera mai jingina, yana miƙewa ya taka duk bayan awa ɗaya, yaron kuma ya daina zuwa kemis da magariba. Takardunsa huɗu suna cikin ambulan ɗaya a ƙarƙashin akwatin zarensa, an jera su bisa kwanan wata, ta ƙarshe HGB 13.6, MCV 85.